Dogon Hutu: Mu Sama Wa Hannun Yara Abin Yi

Makarantu sun rufe, ba komawa sai Satumba, ga shi kuma damina ta kankama. Duk mai zama a gidan haya a Legas, Ibadan ko Abuja ya san yadda ake ciki: ruwa na zuba a waje, yara sun cika ɗaki, uwa ga girki ga wanki. Abu mafi sauƙi shi ne a miƙa musu waya a samu sararawa.

Sai dai waya ba ta riƙe yaro duk yini. Hannun da bai samu abin yi ba shi zai nemo wa kansa, kuma abin da ya fi kusa da shi sau da yawa jakar maganin kaka ce, ko kananzir da aka ɗura a gorar lemo. A aikina na harhaɗa magunguna, wannan ne ke tayar mini da hankali idan hutu ya zo. Shi ya sa yau na ajiye maganar ƙwayoyi, na zo muku da aikin hannu da nake yi da nawa yaran, wanda kayansa duk suna cikin gida.

Wanda suka fi so shi ne fentin zoɓo. Uwargida, ki jiƙa zoɓo cikin hannu ɗaya a ruwan zafi kaɗan har ya yi kauri, ki tace, ya huce, ki raba shi kofi uku. Na farko ki bar shi yadda yake. Na biyu yaro ya matsa lemun tsami, zai ga jan ya ƙara haske. Na uku ke da kanki ki ɗiga ruwan kanwa, nan take zai rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Launin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon tsami ko kanwar da ya haɗu da ita, kuma da irin wannan dabara muke gwada ruwan magani a ɗakin bincike. Ki ƙara kurkum don ruwan ɗorawa, dakakken gawayi don baƙi. A naɗa auduga a tsinke, a kawo bayan tsohuwar kalanda, sai zane. A jaddada musu cewa wannan zoɓon ba na sha ba ne.

Gam ma ba sai an saya ba. Cokali biyu na sitacin rogo, a dama da ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa kamar ana dama koko, a bari ya huce. Da shi da ƙyallayen da tela ke zubarwa, yarinya za ta yi wa 'yar tsanarta sutura ko ta ƙawata bangon littafi. Mu da muka tashi da motar kara mun san daɗinta. A birni babu kara, amma kwalin sabulu da murafen gora huɗu sun isa mota. Huda murafen aikin babba ne, maigida, wannan naka ne.

Sai shuka. A samu robar da ba a amfani da ita, a huda ƙasanta, a zuba ƙasa, a binne ƙwayar wake uku. Cikin mako guda za su tsiro, yaro ya riƙa auna tsawonsu yana rubutawa. Hudawar nan ba ta shukar kaɗai ba ce: duk mazubin da ya tara ruwa da damina, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Ga abin da ba na so ku manta. Kada a ba yaro kwalbar magani ko fankon ƙwayoyi ya yi wasa, ko da an wanke, domin hakan na koya masa cewa kayan magani abin wasa ne. Gam mai kama fata da reza a nisanta su. Duwatsun ado da maɓallai ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne, suna iya shaƙe su. Ƙaramin batirin agogo kuwa, idan aka haɗiye shi ya maƙale, yana iya ƙona maƙoshi cikin awa 2. Idan yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A wuce asibiti kai tsaye, a riƙe abin da ya sha a nuna wa likita.

Motar za ta karkace, fentin zai ɓata riga, kada ki karɓa ki gyara masa. Yatsun da suka saba yanka da manna su ne za su riƙe fensir da kyau idan an koma aji. Rabin awa a rana ta wadatar, muddin kina zaune kusa. Sai mako mai zuwa.