Tsumman jariri a kan danga

Ranar suna, ƙanwar miji ta aiko da ƙunshin Pampers daga Yamai. Matar malamin lakwal ɗin Dumega ta ji daɗi ƙwarai, amma tun ba ta yi arba'in ba ƙunshin ya ƙare, ƙarshen wata kuwa da saura. Sai uwar mijinta ta ɗauko tsohon zane mai laushi, ta yayyanka shi gida goma.

"Ɗiyata, da irinsa na raini mijinki. Da aka karya darajar sefa a 1994, har matan manya ga tsumma suka koma."

Kunya ta kama maijego: matar ma'aikaci da shanyar tsumma a kan danga! Amma ta zauna ta yi lissafi. Tsumma sabulu da ruwa yake ci, ruwa kuwa ba nisa a rijiyoyin Dallol Mauri. A wanke, a tafasa, rana ta busar, gobe a sake ɗaurawa. Na kanti kullum sai kuɗi, ledarsa kuma ba ta ruɓewa a juji.

Jan guga ya sa hannunta kanta, kuɗin kuwa ya tafi ga gero. Jiya maƙwabciyarta, matar ɗan kasuwa, ta shigo aron almakashi.