Ramukan Ku Ci

Cinikin kashu ne ya kai mu Biyetnam, mu uku daga nan Sabo. Da yawa daga kashun da ake lodawa a Ogbomosho can yake ƙarewa, su fasa, su sayar wa duniya. Ranar da mai sayen kayanmu ya ɗage zama, sai tafintanmu ya ce bari ya kai mu Ku Ci. Muka yi dariya, don a kunnenmu kamar an kira mu cin abinci ne. Ashe sunan gunduma ne, tafiyar kamar awa biyu a mota daga birnin Ho Ci Min.

Da muka isa, daji kawai muka gani. Mai yi mana jagora ya share busasshen ganye da ƙafa, sai ga wani murfin katako da bai kai rabin dardumar salla ba. Ya zura ƙafafu, ya ɗaga hannuwa sama, ya nutse, ya ja murfin a kansa. Ka rantse ba a taɓa haƙa wurin ba.

Tun ƙarshen shekarun 1940 suka fara haƙa ramukan nan, suna yaƙi da Faransa, suka faɗaɗa su lokacin yaƙin Amurka har tsawonsu ya haura kilomita 200. Da 'yar fartanya da kwando aka yi aikin. Hawa uku ne, na ƙasa ya kai zurfin mita goma. Akwai ɗakin jinya, da rijiya, da madafa wadda ake jan hayaƙinta ya fita can nesa kaɗan-kaɗan, don kada jirgi ya hango. Kafar shan iska kuwa a jikin abin da ka ce suri ne suka ɓoye ta. A watan Janairun 1967 Amurka da Biyetnam ta Kudu suka turo soja kusan 30,000 yankin, amma ramukan ba su ƙare ba.

Aka ce mai so ya shiga. An ma ƙara wa wannan ɓangaren faɗi saboda baƙi. To, mu da muke ja wa mutane salla, muke sauka kabari mu karɓi gawa, ai ba ma ja da baya a gaban abokan tafiya ba. Muka tattare riga muka duƙa. Zafi, duhu, warin ƙasa, kafaɗa tana gogar bango dama da hagu, ba halin juyawa don akwai mutum a bayanka. Numfashi ya fara gagara. Ba mu san lokacin da bakinmu ya kama kalmar shahada ba. Akwai mafita bayan mita ashirin, wallahi a nan muka fito, gwiwa tana rawa. Shekara nawa muna wa jama'a wa'azin ƙuncin kabari, ga shi minti biyu ya gagare mu. Su kuwa a ciki aka yi jinya, aka haihu, zazzaɓin sauro ya kashe na kashewa.

Bayan nan suka kawo dafaffen rogo da dakakkiyar gyada mai gishiri, wai abincin mayaƙan ke nan. Alhajin da muke tare ya ce, "Malam, ai ga ku ci ɗin." Muna ci sai ga ƙarar harbi. Ashe akwai filin da baƙo zai biya kuɗin harsashi ya harba AK-47, ana ɗaukarsa hoto. Wannan kam bai kwanta mana ba. A ƙasar da aka zubar da jini haka? Duk wanda ya taɓa kwana a Sabo da kaya a ɗaure, yana jiran ya ji ko rikicin kasuwa zai iso unguwa, ba ya jin wannan ƙarar a matsayin wasa.

Sati biyu da dawowarmu aka yi rasuwa a layinmu. Muka sauka kabari kamar yadda muka saba, aka miƙo mamacin, muka kwantar da shi. Da aka fara jera itace, sai da wani ya taɓa mana kafaɗa ya ce, "Malam, a fito haka nan."