Janye ƙara ba tsoro ba ne, amma a janye da takarda

Masu cewa wanda ya janye ƙarar da ya shigar rago ne ba su yi lissafin fadama ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejia ta sauya, kacalla ta toshe magudanai, ambaliya kuma tana share iyakokin gonaki a Auyo, Guri da Kirikasamma. Rigimar iyaka da ta gado sai ƙaruwa suke yi. Manomin shinkafa da ya kai ɗan'uwansa kotu yana biyan kuɗin mota da na lauya, ana ta ɗage zama, lokacin shuka kuwa ba ya jiran alƙali. Ga shi shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. In sulhu ya samu a gaban mai unguwa ko hakimi, janyewa hankali ne.

Sai dai janyewa tana da ƙa'ida. A Babbar Kotu, wanda ya janye da wuri yawanci cire ƙarar ake yi daga jeri, yana iya sake shigar da ita. Wanda ya bari aka yi nisa sai da izinin kotu, ana iya korar ƙarar kwata-kwata, har a ɗora masa kuɗin ɗawainiyar abokin shari'arsa. Daina zuwa kotu kawai ba janyewa ba ce, sakaci ne.

Za a ce, ai da sunan sulhu ake danne marayu da matan da mazajensu suka rasu, manya su taru su ce a yi haƙuri. Gaskiya ne, amma maganinsa ba ƙin sulhu ba ne. A rubuta abin da aka daddale, a faɗi iyakar gona da shaidu, a kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci. Sashe na 241 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ɗaukaka ƙara kan hukuncin da Babbar Kotu ta yi da yardar ɓangarorin biyu, sai da izini. Kenan mai ƙarfi ba zai wayi gari ya ce bai san zancen ba. Duk dattijon da ya ce a janye amma ya ƙi a rubuta, a tambaye shi dalili.