Farin Wata a Kan Tekun Lome

Na tashi a gidan liman, hannuna bai san komai ba sai alƙalami da tawada. Da na fara koyon zane a Lome, ɓoye wa Baba na yi, don gudun ɓacin ransa.

Daren 14 ga wata na zauna bakin teku, na cika takarda da farin fenti, zanen ya lalace. Malamina ya ce in fara shimfiɗa shuɗi mai duhu, in bar fari sai ƙarshe, ɗigo-ɗigo bisa igiyar ruwa.

Ranar da na nuna wa Baba, ya daɗe yana dubawa. Ya tuna mini fatawar Ibnu Abbas, Allah Ya yarda da shi, cewa a zana abin da ba shi da rai. Washegari na tarar ya rataye zanen a zaure.