Gidan sauro ba ya bin mu gona: yadda za mu kare kayan aikinmu da kuɗi kaɗan

'Yan uwa, mu mutanen Kwadon mun san cewa rabin aikinmu bayan faɗuwar rana ake yin sa. Mai ban ruwa a fadama yakan jira sanyin yamma kafin ya tayar da inji. Mai gadin tumatur da albasa a bukka yake kwana. 'Yan dako da direbobi sukan kai tsakar dare suna lodi, masunta kuma sammako suke yi zuwa Dadin Kowa tun kafin asuba. A duk waɗannan lokuta gidan sauron da aka raba mana yana rataye a ɗaki, mu kuwa muna waje, sauro yana cin kasuwarsa a ƙafafunmu.

Abin ba na wasa ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Ga kuma baƙon sauro mai suna Anopheles stephensi, ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a Jibuti a 2012, aka kuma fara gano shi a Najeriya a nan Jihar Gombe a 2020. Shi wannan a tanki da duro da randa yake hayayyafa, don haka rani ba ya korar sa. Ga manomi kuwa, kwana biyar a kwance lokacin tsinkar tumatur asara ce biyu: kuɗin magani, da kwandunan da suka ruɓe a gona.

Shi ya sa muke ganin ya dace mu yi maganar sa wa tufafi maganin sauro. Sinadarin da aka amince da shi don wannan aiki sunansa permethrin, ɗan gida ɗaya da wanda ke jikin gidajen sauro masu magani. Ba a fata ake shafa shi ba, a yadi ake sa shi, da ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. Idan ya bushe yakan kama zaren, sauron da ya sauka a kai ya ruɗe, ko ya tashi ko ya mutu. Sojojin Amurka sun daɗe suna sa shi a kakinsu. A sansanonin 'yan gudun hijirar Afganistan da ke Pakistan an gwada shi a mayafai a shekarun 1990, zazzaɓi ya ragu a tsakanin yara. A 2025 ma an wallafa binciken da aka yi a Kasese ta ƙasar Uganda kan zanen goyo mai permethrin, inda zazzaɓin jarirai ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Amma wannan a hannun likitoci aka yi shi, kada wata uwa ta jiƙa zanen goyonta da kanta.

To ina sauƙin kuɗin yake? Na farko, ba duk kayan da ke cikin akwati ake sa wa ba. Mu ware kayan dare kala ɗaya: dogon wando, riga mai dogon hannu, safa, da mayafi ko bargon bukka. Idan maganin kaɗan ne, a fara da safa da ƙafar wando, domin sauron zazzaɓi ya fi kai hari daga gwiwa zuwa ƙasa. Na biyu, feshi ɗaya yakan kai kimanin mako shida ko wanki shida, saboda haka kayan da aka ware ba a wanke su kullum, kuma su kaɗai ake wanke su. Na uku, mu haɗa kuɗi. Idan mutum goma masu gonaki kusa da juna suka sayi kwalba ɗaya suka yi aikin rana ɗaya, abin da zai faɗo kan kowa kaɗan ne. Idan mai kauri aka samu, na kashi 10 cikin 100, ma'auni ɗaya ake zubawa cikin ma'auni 19 na ruwa, ya dawo 0.5. Sai dai kafin a biya, a tabbata an rubuta permethrin a jikin kwalbar, akwai lambar NAFDAC, kuma takardar ta ce ya dace da tufafi. A kai wa mai ilimin harhaɗa magunguna ko ma'aikacin lafiya ya duba.

A fili ake yin aikin, inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da takunkumi. A rataye kayan, a fesa gaba da baya har su yi danshi, sannan a bar su su bushe sarai a inuwa, domin hasken rana yana kashe ƙarfin maganin. Ba a fesawa alhali kayan suna jiki, ba a sa wa singileti ko gajeren wando na ciki. A nisanta kyanwa har sai sun bushe, domin ɗanyen maganin guba ne gare ta. Yana kuma kashe kifi da ƙudan zuma, don haka ragowar ruwan kada ya shiga rafi, ko rijiya, ko kwalbatin ban ruwa.

Ga wurin da muka fi jin tsoro. Kusan kowane gida a garin nan akwai maganin feshin gona, kuma zuciya takan raya wa mutum cewa magani ai magani ne. Ba haka ba ne. Fiya-fiya da Sniper sinadarin dichlorvos ne a cikinsu, yana ratsa fata, yana shiga huhu, ya sa jiri da amai da zubar yawu da sarƙewar numfashi, har ya kai ga rasa rai. Haɗarinsa ne ya sa NAFDAC ta hana ƙananan kwalabensa a 2019. Maganin tsutsar tumatur da na wake su ma ba don jikin mutum aka haɗa su ba, balle jikin da ke zufa. Arahar da za ta kai mutum gadon asibiti ba araha ba ce.

Wanda bai samu permethrin ba, bai rasa komai da komai ba. Kaya masu kauri, sakakku, masu farin launi sun fi matsattsu baƙaƙe kariya. A cusa ƙafar wando cikin safa. Wuya da hannuwa da fuska a shafa musu man korar sauro irin su Odomos ko mai ɗauke da DEET, a kiyaye ido da baki, a kuma sani DEET yana ɓata roba da gilashin agogo na roba. Hayaƙin ganyen dogonyaro yana taimakawa, amma da wuta ta mutu aikinsa ya ƙare. Mafi arahar duka shi ne gidan sauro: maimakon mu yi shingen iri da shi, mu ɗaura shi a bukkar gadi, mu ɗinke inda ya yage.

Mu kuma sani sauron yankinmu ya fara sabawa da irin wannan magani, don haka tufafi mai magani ƙari ne, bai maye gurbin kwana cikin gidan sauro ba, ko maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina. Wanda ya ji zazzaɓi ya je a gwada jininsa a ranar.

Shawararmu ita ce, a taro na gaba kowace unguwa ta kawo sunayen masu kwana a gona da masu aikin dare, mu san adadinsu, mu gayyaci ma'aikacin lafiya ya tsaya a kan sayen da haɗin. Allah Ya ba mu lafiya da amfani mai albarka.