Ƙaramin Sani A Bakin Tekun Zanzibar

Ran da na je wa mahaifiyata da labarin za mu tafi Zanzibar, ni da uwargida da 'yarmu, sai da ta ajiye carbinta ta dube ni. Ta ce, "Har da takwarar tawa?" Na ce har da ita. Ta ce, "Yarinyar da aka yaye jiya-jiya, me ta sani da za ka kwashe ta zuwa tsakiyar ruwa? Ku bar mini ita, ku je ku dawo." Na ce, "Hajiya, ai zamani ya sake, yanzu har jarirai ana hawa jirgi da su." Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah Ya kiyaye. Ka dai tuna kai ɗan tudu ne, iyakar ruwan da ka sani kududdufin bayan gidan nan ne." Na yi dariya na tashi. Wannan dariya ita ce na zo in ba masu karatu labarin inda ta ƙare.

A shekarar 2023 aka yi tafiyar, lokacin yarinyar tana da shekara biyu ba wata biyu. Da yake sunan mahaifiyata ta ci, Ummi muke ce mata. Wanda bai taɓa fita waje da yaro ƙarami ba, ya sani tun daga gida wahalar take farawa. Dole a yi mata fasfo nata na kanta, kuma sai da muka ɓata rabin yini kafin ta yarda ta tsaya a ɗauki hotonta. Dole a riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara, allurar da ake yi wa yara a wata tara, domin hukumomin Tanzaniya suna neman katin daga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take. Yaron da bai cika shekara biyu ba kuwa ba a ba shi kujera a jirgi, kaɗan ake biya masa, a cinya yake tafiya. Na yi murna da wannan rangwame, har sai da na yi awa biyar da ita a cinyata daga Abuja zuwa Adis Ababa, sa'an nan na gane ba a banza aka yi rangwamen ba. Da jirgi ya fara sauka ta dafe kunne ta tsala ihu. Wata dattijuwa da ke kusa da mu ta ce a ba ta abin tsotso, haɗiya ita ke buɗe kunnen. Aka ba ta, ta yi shiru. Daga nan muka sake jirgi zuwa Zanzibar.

Zanzibar tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba, kuma tsakanin Unguja da gaɓar Afirka bai fi kilomita 40 ba. A 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa can daga Maskat, kasuwar kanumfari da hauren giwa da bayi ta bunƙasa. Ba a rufe kasuwar bayin ba sai a 1873, kuma a filinta ne aka gina wata majami'a da ke nan har yau. A watan Janairu na 1964 aka yi juyin juya hali aka kori sarauta, a watan Afrilu na shekarar kuma Julius Nyerere da Abeid Karume suka haɗe Tanganyika da Zanzibar, aka sami Tanzaniya. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, saboda haka kiran salla bai taɓa yi mana nisa ba.

Kwana uku muka yi a tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa sun tuna mini da cikin birnin Kano, sai dai gidajen benaye ne na dutse, da manyan ƙofofi na katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Keken tura yara da na kashe kuɗi na saya, na yi ta jansa a filayen jirgi, tun ran farko ya zama kaya, don ga matakala, ga ƙunci, ga babura. Uwargida ta ciro zane ta goya 'yarta, magana ta ƙare. Muka ga matan garin ma haka suke goyo, da wani zane mai rubutu a gefe da suke kira kanga. Wajen abinci, shinkafarsu mai ruwan kwakwa Ummi ta ce ba ta san zance ba, sai garin kunun gyaɗa da kakarta ta cusa mana a jaka, ina cewa ba ma bukata, shi ya rufa mana asiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne harshensu, Suwahili. Da shi da Hausa duk sun sha daga Larabci, saboda haka kunnen Bahaushe ba ya rasa abin kamawa. Labari su ce habari, duniya dunia, sabulu sabuni, alƙalami kalamu, albarka baraka, Alhamis Alhamisi, asuba asubuhi. Kafin kwana uku na fara ji da kaina. In mai shago ya yi mini Turanci sai in amsa masa da guntun Suwahilina, ina waiwayen uwargida ta ga irin mijin da Allah Ya ba ta. Ita kuwa takan ce, "Malam, a dai riƙa tambaya." Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wanda ƙuƙumin yake wuyansa shi ne na ƙarshen sani.

Rana ta huɗu muka hau mota zuwa Jambiani, wani ƙauyen masunta a gabashin tsibirin. Da dare muka isa, farin wata tar, muna jin ruwa yana dukan katangar masaukinmu. Da gari ya waye, hantsi ya yi, na leƙo, sai na ga abin mamaki: babu teku. Ruwan ya janye ya tafi can nesa, ya bar farin rairayi shimfiɗe iyakar ganin ido, jiragen kamun kifi sun kwanta a kan gefensu kamar an yar. Can ciki ga mata a durƙushe, kowace tsakanin layukan turaku da igiyoyi. Ciyawar teku suke nomawa, mwani a bakinsu, sana'ar da ta kafu a yankin tun 1989; sukan shanya ta su sayar, a fita da ita waje a sa a abinci da magunguna da kayan shafa.

Uwargida ba ta yi barci sosai ba, na ce ta kwanta, ni zan zaga da yarinyar. A ƙofa na gamu da wani saurayi ma'aikacin masaukin. Yana jin Turanci sarai, amma sai na harhaɗa 'yan kalmomina na tambaye shi yaushe ruwa zai dawo. Ya yi murmushi ya ce, "Saa sita." Na ce a raina, sa'a shida, watau ƙarfe shida na yamma, wannan ai ko yaro ya gane. Na duba agogo, sha ɗaya saura. Na saɓa Ummi a kafaɗa muka shiga.

Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗi da 'yata kamar na wannan sa'a ba. Ta ga ƙaguwa tana gudu a karkace ta bi ta tana ƙyalƙyala dariya. Ta tsinci bawon katantanwa ta cika mini aljihu. Duk ramin ruwan da ta gani sai ta zauna a ciki. Muna tafe muna tsayawa har muka kai wani tudun rairayi, tafiyar da ta kusa kilomita guda daga gaɓa, muka zauna tana gini ina taya ta. Na ga matan nan sun fara ɗaure buhuna suna ɗorawa a ka suna fita ɗaya bayan ɗaya. Na ce azahar ce ta gabato za su salla. Ban sake kula su ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci, kuma jan da wata yake yi wa ruwa shi ne babban dalili. Idan wata ya cika, ko yana sabo, janyewar takan yi nisa, dawowar kuma takan yi ƙarfi, har ruwa ya tashi mita uku ko fiye a wannan gaɓa. Ba kuma ta gaba kaɗai yake zuwa ba. Yakan bi kwari ya zagaya, ya cika bayan mutum tun yana zaune a tudu yana kallon gabansa. Na biyu, mutanen Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙidayar sa'o'i. Ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ɗaya a wurinsu. Saa sita, ashe, ƙarfe goma sha biyu na rana ke nan. Saurayin nan gaskiya ya faɗa mini, ni na fassara wa kaina ƙarya.

Sai na ji murya daga nesa. Wata mace ce, da buhu a ka, tana ɗaga hannu tana cewa, "Hatari! Hatari!" Wannan kalma ba ta bukaci tafinta ba. Na waiwaya, gabana ya faɗi. Rairayin da muka tako babu shi, ruwa ne shimfiɗe tsakaninmu da gari, yana gudu kamar kogi da damina. Na suri Ummi na nufi masauki kai tsaye. Taku goma ruwa ya kai gwiwa, kaɗan gaba ya kai cinya, ƙasa kuwa ta fara zurmawa. Ni ban iya iyo ba. Yarinya ta ji yadda na matse ta, ta fasa kuka. Wallahi a wannan lokaci ba abin da nake ji sai muryar Hajiya tana cewa kai ɗan tudu ne.

Matar nan ta riga ta kusa fita, amma ta juyo ta keto ruwa ta iso mu. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta sauke buhunta ta aza mini a ka, ta kwance kangar da ta yi gammo da ita, ta karɓi Ummi ta goya ta can sama kusa da wuya, ta ɗaure tam. Ta nuna mini in taka inda ta taka. Maimakon ta miƙe zuwa gari sai ta yi kudu, ta bi wani doron ƙasa da ni ban ga alamarsa ba, tana kauce wa baƙaƙen wurare inda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya take kwance. A wuri guda ruwa ya kai mini ƙugu, yana jan ƙafata, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ummi kuwa, da ta ji ta a baya, sai ta yi shiru ta kwantar da kai, kamar a tsakar gidanmu take. Ban san minti nawa muka yi ba. Na dai san da muka taka busasshiyar ƙasa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna da buhun mutane a kaina.

Saurayin masaukin ya sheƙo da gudu. Na ciro kuɗi jiƙaƙƙu na miƙa wa matar, ta girgiza kai. Ta kwance goyo ta miƙo mini 'yata, ta yi wata magana tana nuna ta da yatsa. Na tsinci kalma guda a ciki, amma wannan karon ban yarda da kunnena ba, na ce wa saurayin ya fassara mini da Turanci. Ya ce, cewa ta yi yaro amana ne. Ashe su ma amana suke cewa. Ta ɗauki buhunta ta bi lungu ta tafi, ko sunanta ban tambaya ba. Bayan awa biyu na leƙa ta taga, tudun da muka zauna a kai jirgin ruwa ne yake wucewa ta samansa.

Uwargida ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi 'yarta ta yi mata wanka ta shafa mata mai, ta ce, "Malam, da ka tambaye shi da Turanci fa?" Sauran kwana huɗun da muka yi, kullum da safe sai na je na duba allon da aka rubuta lokutan cika da janyewar ruwa, wanda ashe tun ran farko yana rataye a bakin ƙofa, sa'an nan in sa saurayin ya nuna mini a kan agogona da yatsa.

Ban rubuta wannan don in hana kowa fita da iyalinsa ba. Ummi ta ƙaru, mu ma mun ƙaru, kuma saboda ita mutane da yawa suka buɗe mana fuska waɗanda da mu kaɗai ne da ba su dube mu ba. Abin da nake cewa shi ne, babba in yana shi kaɗai ya yi kuskure a baƙon wuri, kansa ya jawo wa. In yana ɗauke da yaro kuwa, wanda bai zaɓi tafiyar ba, bai san inda aka kai shi ba, iyakarsa ya riƙe wuyan ubansa ya amince, to ba shi da ikon yin cin-ta-da-ka. Ya tambaya, ya sake tambaya, ko da za a ce masa baƙauye. In ya ga 'yan gari suna tashi daga wuri, shi ma ya tashi, ya nemi dalili daga baya. Abin da ya yi kama da na gida kuwa, a nan ya kamata ya fi yin hattara, domin inda na san ban sani ba ban yi kuskure ba, sai inda na ɗauka na sani.

Da muka dawo na kai wa Hajiya tsarabar kanumfari da kanga biyu. Na yi niyyar in ɓoye mata labarin, amma na kasa. Ta saurara har na gama, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta jawo takwararta ta ɗora a cinya, ta tambaye ni ko na san sunan matar. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Allah Ya san ta." Tun daga ranar, in ta idar da salla tana yi wa 'ya'ya da jikoki addu'a, sai na ji ta ƙara da mai ciyawar teku. Allah Ya saka mata da alheri, Ya kiyaye mana zuriya, amin.