Ajin Manya a Landan da Namu na Yaƙi da Jahilci

Iyayenmu da suka shiga ajin yaƙi da jahilci a shekarun 1950 abu ɗaya ne a gabansu: su san baƙi da wasali. Harshen dai nasu ne. Da mutum ya iya haɗa ba, bi, bu, sai ya ɗauki jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ko 'yan littattafan da hukumar NORLA ke fitarwa daga Zariya, ya karanta abin da bakinsa ya saba faɗa. Hukumar ilimin manya da Jihar Kano ta kafa a 1980, zamanin Abubakar Rimi, ita ma da Hausa take fara wa ɗalibanta.

A nan Landan taura biyu ake so baƙo ya tauna. Azuzuwan koya wa manya Turanci, da ake kira ESOL, an kasa su mataki biyar, uku na masu farawa, biyu na waɗanda suka yi nisa. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba kuwa, ƙasa da matakin farko ake ajiye shi, yana koyon harshe da rubutu lokaci guda. Ga Turanci ba ya riƙe alkawari: haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44, abin da ka koya jiya gobe wata kalma ta ƙaryata shi.

A wata kwaleji na ga dabarar da ta burge ni. Malama ta tambayi wata dattijuwa 'yar Somaliya abin da ta yi da safe. Cikin gurguwar Turanci ta ce ta kai jikanta makaranta. Malamar ta rubuta maganar da manyan haruffa, ta sa almakashi ta yanka ta kalma-kalma, ta barbaza a tebur. Dattijuwa ta yi ta juya guntayen, tana motsa leɓe, har ta jera su daidai. Maganarta ce, shi ya sa ta gane ta. Wato abin da ajinmu yake samu a kyauta, nan sai an ƙirƙiro shi da almakashi.

Kusa da ita wani Basudane ne da ke buɗe littafinsa ta dama. Larabci yake karantawa tiryan-tiryan, kuma malamar ba ta haɗa shi da dattijuwar a aiki ɗaya, don ta san wanda ya iya wani rubutu ya riga ya ci rabin tafiya. Nan kam sun fi mu. Mu da muka daɗe muna sa alaramma mai rubuta ajami a layin jahilai don kawai bai yi boko ba!

Maza da mata a haɗe suke zama, malama kuma da sunanta ake kiranta, abin da dattawa ke daɗewa ba su saba da shi ba. Abin karantawar ma daban: takardar asibiti, jadawalin bas, fom ɗin neman gida. Bayan wannan akwai jarrabawar zama ɗan ƙasa, tambaya 24, dole ka ci 18. Shi ya sa za ka ga mai furfura ya tashi daga aikin dare, ido jajawur, ya zarce aji bai ko karya ba.